Tarin Fuka: Yadda Aka Kai Jinya Har Cikin Gida Tun Ba A Sami Magani Ba

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani ciwo wanda kowa ya san shi amma ba a son kiran sunansa, watau tarin fuka, wanda waɗansu ke ce wa tibi.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, a zangon karatun da ya wuce wata yarinya 'yar aji biyar da nake koyarwa, mai ƙwazo, wadda ba ta taɓa fashi ba, ta yi mako uku ban sa ta a ido ba. Da na tambayi ƙawayenta sai suka yi ta kallon juna. Ran Asabar na nemi izinin maigida, na yafa mayafina na tafi gidansu. Na tarar uwarta ce kwance a ƙuryar ɗaki, an toshe taga da tsumma, an saki labule, yarinyar ce ke jinya ga ƙaninta goye a baya. Wata huɗu ke nan matar tana tari. An yi turare, an sha jiƙe-jiƙe, wata ta ce sanyi ne, wata ta ce sammu ne. Abu ɗaya ne ba a yi ba, shi ne zuwa asibiti. Da na tambayi dalili, sai kakar yarinyar ta jawo ni gefe ta ce, "Malama, rufin asiri muke nema. In likita ya faɗi sunan ciwon nan, wa zai sake cin tuwon gidan nan? Ga 'yan mata muna da su, wa zai zo neman aurensu?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na koma gida raina a jagule. Wannan ne ya sa na shiga binciken tarihin ciwon, sai na tarar ashe Turawa ma sun sha irin wannan ɓoyo. Na kuma tarar da labarin yadda suka shirya jinyar talakawansu fiye da shekara 100 da suka wuce, a lokacin da ba su da ko ƙwaya ɗaya ta magani. Labarin ne zan ba ku yau, domin akwai rabonmu a ciki.

CIWON DA BA SHI DA MAGANI

A da can mutanen Turai sun ɗauka tarin fuka gadonsa ake yi, don sun ga yana bin dangi ɗaya bayan ɗaya. Sai ran 24 ga watan Maris, 1882, wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya sanar a birnin Berlin cewa ya gano ƙwayar cutar da ke kawo shi. A bayaninsa na wannan rana ya ce cikin kowane mutum bakwai da ke mutuwa, ɗaya tarin fuka ne ajalinsa. Daga nan aka gane cewa abin da ya sa ciwon ke bin dangi shi ne ɗaki ɗaya suke kwana, iska ɗaya suke shaƙa.

To, sanin ɓarawo daban, kama shi daban. A 1890 Koch ɗin ya fito da wani ruwan allura da ya zaci magani ne, amma bai warkar ba. Sai da aka yi shekara fiye da 60 bayan gano ƙwayar kafin a sami magani na sosai. A tsakanin nan masu hali sukan tafi kan duwatsun ƙasar Suwizalan, wurare irin su Davos, su yi watanni suna hutawa suna shan iska. Talaka kuwa sai ya yi ta tari a ɗaki ɗaya da matarsa da 'ya'yansa, taga a rufe saboda tsananin sanyi, yana lallaɓawa wurin aiki har ranar da ƙafa ta kasa ɗaukarsa.

LIKITAN DA YA BI MAJINYACI GIDA

A birnin Edinbara na ƙasar Sikotland akwai wani matashin likita mai suna Robert Philip. Bayan ya gama karatu a 1882 ya tafi ƙaro ilmi a birnin Biyana, inda ya ga ƙwayar tarin fuka da idonsa a madubin likita. Da ya komo gida, a 1887, yana da shekara kusan 30, sai ya sami waɗansu 'yan ɗakuna a wani titi da ake kira Bank Street ya buɗe ɗakin shan magani na masu tarin fuka kaɗai, kyauta ga talakawa. Ana lissafa shi a kan shi ne na farko irinsa a duniya.

Wata za ta ce, ɗakin shan magani ba magani, me za a yi a ciki? Ga dabarar. Likita Philip ya lura cewa wanda ya zo wurinsa yana tari kamar hayaƙi ne, wutar tana can gida. In aka duba shi aka sallame shi, zai koma ɗakin da ya kamu, ya ci gaba da shafa wa 'ya'yansa. Saboda haka duk wanda aka tabbatar yana da ciwon, sai a bi shi har gida. Likita yakan je a tara mutanen gidan duka, yaro da babba, mai tari da marar tari, a duba ƙirjin kowa. Wannan aiki ya ba shi sunan fareti irin na soja, domin kowa sai ya wuce ta gaban likita. Ta haka aka riƙa gano masu ciwon tun yana ɗanye, tun su kansu ba su san suna da shi ba.

AIKIN MALAMAR JINYA

Amma nauyin aikin na yau da gobe a wuyan mace yake, watau malamar jinya mai zagaya gidaje. Ita ce ke hawa benaye masu duhu a unguwannin talakawa, ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta zauna da matar gida. Takan duba ɗaki nawa ne, mutum nawa ke kwana a ciki, taga tana buɗuwa ko an kafe ta, me ake ci, wa ke kawo kuɗin cefane, ta rubuta duka ta kai wa likita.

Sa'an nan ta shiga koyarwa. Majinyaci ya daina tofar da kaki a ƙasa. Akan ba shi 'yar kwalba mai murfi ya riƙa tofawa a ciki, in kuwa takarda ko tsumma ya yi amfani da shi, a jefa a wuta. Ya rufe baki in zai yi tari. Ya kwana shi kaɗai a gado, in da hali a ɗaki shi kaɗai, kusa da taga, taga kuma a buɗe dare da rana. A daina shara mai tayar da ƙura, a riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. A shanya kayan kwanciya. A tafasa madara kafin a ba yara, domin shanu ma suna da nasu tarin fuka, kuma yana bin ɗanyar madara ya shiga jikin yaro.

Malamar jinya ta san wa'azi ba ya shiga kunnen mai jin yunwa. Ina amfanin a ce wa mutum ya kwana shi kaɗai alhali gado ɗaya ne a gidan? Saboda haka akwai kwamitin mata 'yan sa-kai da ke aiki tare da ɗakin shan maganin, su ne ke neman taimako don gidan da mai nema ya kwanta: abinci mai gina jiki, da tufafi, da abin shimfiɗa. In majinyaci ya rasu ko ya tashi daga gida, sai a sanar da jami'in lafiya na gari, watau irin dubagarinmu, a zo a tsabtace ɗakin kafin wani ya shiga.

KOWA DA INDA YA DACE DA SHI

Sannu a hankali Likita Philip ya haɗa tsari cikakke, ɗakin shan magani yana tsakiya yana rarraba majinyata. Wanda ciwonsa bai yi nisa ba, a kai shi gidan jinya na shan iska da aka buɗe a Craigleith a 1894. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, a kai shi wani sashe na asibitin gari, a kula da shi, a kuma raba shi da ƙananan yara. Wanda ya murmure amma bai isa komawa masana'anta mai ƙura ba, a kai shi gonar da aka buɗe a Polton a 1910, ya riƙa aikin lambu gwargwadon ƙarfinsa. Wanda za a iya jinyarsa a gida kuwa, malamar jinya na bibiyarsa. A 1907 kuma hukumar birnin ta wajabta wa likitoci su sanar da ita duk wanda suka samu da tarin fuka na huhu.

Abin kirki ba ya ɓuya. A Faransa wani likita mai suna Albert Calmette ya buɗe irin wannan ɗaki a birnin Lille a 1901. A Landan wata mata ce, Edith McGaw, ta tsaya tsayin daka har aka buɗe na farko a Ingila, a unguwar Paddington, a 1909. Da majalisar Birtaniya ta yi dokar inshorar lafiyar ma'aikata a 1911, an sa jinyar masu tarin fuka a ciki, aka kuma ware fam miliyan ɗaya da rabi don gina gidajen jinya. A 1912 wani kwamitin gwamnati ya ba da shawarar a shimfiɗa tsari irin na Edinbara a ƙasar baki ɗaya. Abin da ya fara a 'yan ɗakuna da kuɗin masu taimako ya zama aikin hukuma.

ZAMAN GIDAN SHAN ISKA

Kada ku zaci zaman gidan jinyar nan daɗi gare shi. Majinyata sukan wuni kwance a baranda, an lulluɓe su da barguna, ko da ƙanƙara na sauka. Akwai lokacin ci, da lokacin hutu, da lokacin auna zafin jiki, akan kuma ɗora su a sikeli a kai a kai a ga ko sun ƙara nauyi. In mutum ya fara jin ƙarfi sai a fara ba shi ɗan tattaki, daga nan aiki kaɗan-kaɗan. Haka za a yi watanni, wani har shekara, nesa da iyali. Ku duba halin uwar da ta bar 'ya'ya huɗu ko biyar a gida. Mata da yawa sun ƙi zuwa, waɗansu kuma sun tafi amma suka tattara kayansu tun lokaci bai yi ba, don hankalinsu na wurin yara.

Gaskiya kuma ita ce gidajen nan ba su kashe ƙwayar cutar. Hutu da abinci kan ba jiki dama ya yi faɗa da ita, waɗansu su tashi, amma da yawa ciwon kan komo musu bayan sun dawo gida, su rasu cikin 'yan shekaru. Babban amfanin da aka samu shi ne raba mai tari da yaran gida na tsawon watanni.

Akwai kuma inda hukuma ta tsananta. A birnin New York na Amurka, tun daga 1903 an riƙa tsare waɗansu majinyata da ƙarfi a wani asibiti da ke kan tsibiri, akasarinsu kuwa talakawa ne marasa galihu. Dokar sanar da hukuma ita ma ta tsorata mutane, domin wanda aka san yana da ciwon yakan rasa aiki, ko mai gidan haya ya kore shi, ko a fasa aure da 'yarsa. Saboda haka iyalai suka riƙa ɓoyewa, har waɗansu likitoci kan tausaya su rubuta sunan wani ciwon ƙirji daban a takardar mutuwa. Kun ji, maganar da kakar ɗalibata ta faɗa mini, tsofaffin Turai sun riga ta faɗa. Inda aka ci nasara kuwa shi ne inda malamar jinya ta shiga gida da lalama da taimako a hannu, har matar gida ta saki jiki da ita.

Duk da haka, mutuwar tarin fuka ta yi ta raguwa a Birtaniya shekara da shekaru kafin magani ya zo. Masana sun ce abubuwa da dama ne suka haɗu: abinci ya kyautatu, an rage cunkoso a gidaje, an kuma riƙa gano masu ciwon ana raba su da yara.

MAKARANTA A SARARI

Wannan sashe naku ne, 'yan makaranta. Da likitoci suka ga yaran da ke fitowa daga gidajen masu tari ramammu ne, sai aka yi tunanin a fitar da ajinsu waje. A 1904 aka buɗe makaranta a cikin dajin itatuwa a Charlottenburg, kusa da Berlin, yara na karatu da cin abinci da barcin rana a sarari. A Amurka likitoci biyu mata, Mary Packard da Ellen Stone, su ne suka sa aka buɗe irinta a birnin Providence a watan Janairu na 1908, tsakiyar hunturu. An fasa bangon aji aka sa manyan tagogi da ake bari a buɗe, kowane yaro ya shiga cikin buhun bargo, a sa masa dutse mai ɗumi a ƙafa, a ba shi romo mai zafi. A Landan kuwa, a 1911, wani likita mai suna Halliday Sutherland, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Philip, ya mai da rumfar 'yan badujala da ke lambun Regent's Park ta zama aji.

Ni da na karanta wannan sai na ji kunya. A ajina yara sun haura 60, amma da hunturu ya kama ni da kaina nake cewa a rufe tagogi. Yanzu kam na daina. Mai jin sanyi ya zo da rigar sanyi.

DA MAGANI YA ZO

Calmette ɗin nan na Lille, shi da abokin aikinsa Camille Guérin, su ne suka haɗa allurar rigakafin BCG, aka fara ba jariri a birnin Paris a 1921. Ita ce allurar nan da ake yi wa jariranmu a dantse ta bar ɗan tabo. An fara jinya da maganin streptomycin a 1944, isoniazid ya biyo baya a 1952. A Edinbara ɗin dai, cikin shekarun 1950, wani likita mai suna John Crofton ya nuna cewa in aka haɗa magani uku aka sha ba fashi, kusan kowa yana warkewa. Sa'an nan wani bincike da aka fara a birnin Madras na Indiya a 1956 ya nuna cewa wanda ke shan maganinsa a gida yana warkewa kamar wanda aka kwantar a gidan jinya, kuma mutanen gidansa ba su fi kamuwa ba. Daga nan aka shiga rufe gidajen shan iska. Jinya ta komo cikin gida, watau ta komo hannunmu mata.

Amma ciwon bai tafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da shi, miliyan 1.25 suka rasu, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da ya fi yawa. Ciwon da ke da magani ke nan.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Aikin da malamar jinya ta Edinbara ta yi, kowace matar gida za ta iya yin rabonta, ga shi kuma mun fi ta da abu ɗaya babba, magani.

Na farko, duk wanda ya yi mako biyu yana tari, musamman in da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, ko jini a kaki, a kai shi asibiti a gwada kakinsa. A cibiyoyin gwamnati masu kula da tarin fuka, gwajin kaki da magani kyauta ne.

Na biyu, in an tabbatar, a yi faretin Likita Philip: a kai mutanen gida duka a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, domin akwai maganin kariya da ake ba su.

Na uku, magani na wata shida ne: wata biyu na farko iri huɗu, wata huɗu na baya iri biyu. Bayan 'yan makonni mutum zai ji garau, a nan ne shaiɗan ke raɗa masa ya daina. In ya daina, ciwon kan komo, wani lokaci ya komo da taurin kai ya ƙi jin maganin, sai an koma wani mai tsawo da wahala. Saboda haka a sami mutum ɗaya a gida da zai riƙa tsayawa kullum har majinyaci ya haɗiye. In fitsari ya yi ja-ja kada a firgita, aikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne. Amma in ido ya yi ruwan ɗorawa, a koma asibiti da gaggawa. Mai shayarwa ba sai ta yaye ba. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma ta gaya wa likita, domin maganin tarin yana rage mata ƙarfi.

Na huɗu, a buɗe taga, a bar rana da iska su shiga. Mutanen da sun wahalar da kansu wajen ware wa majinyaci kwano da cokali. Yanzu an san cewa ta iska ciwon huhu ke yaɗuwa, in mai shi ya yi tari ko atishawa, ba ta kwanon tuwo ba. Wanda kuma ya yi 'yan makonni yana shan magani yadda ya kamata, haɗarin ya shafa wa wani yakan ragu ƙwarai. Babu dalilin ƙyamar matar da ke shan maganinta, balle a ce ta tafi gidan iyayenta sai ta warke.

Na biyar, a tafasa madara, a kuma kai jariri allurar BCG da zarar an haife shi. Tana kare yara daga mugun nau'in ciwon, irin wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa, ko da yake ba ta hana babba kamuwa gaba ɗaya.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne masu karatu a gidaje da yawa. Ku karanta wa iyayenku wannan shafi, ku riƙe katin asibiti, ku riƙa tuna ranar karɓo magani.

Game da ɗalibata, ban iya shawo kan gidan ni kaɗai ba. Sai da na roƙi maigidana ya sami mahaifinta bayan sallar isha'i suka yi magana ta maza, har sau biyu, kafin ya yarda. An gwada, tarin fuka ne. An duba yaran, aka sa na goye a kan maganin kariya. Yau uwar tana cikin wata na uku, ta fara tashi tana ɗora tukunya. Yarinyar ta komo aji, ita ce kuma ke tsayawa a kan uwarta kowace safiya da kofin ruwa kafin ta ɗauki jakarta. Da na koma gaisuwa, na tarar an cire tsumman nan daga taga. Saura wata uku, shi ya sa ban daina leƙawa ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare mu da zuriyarmu. Sai mun sadu a mako mai zuwa, ku huta lafiya.